Ƙugiyar Gangaren Zawarawa

Da sunan Allah, wanda ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, ya sanya haƙuri a ƙirjin doki, ya dasa begen gida a zuciyar matafiyi. Bayan haka, ya ku jama'a, ni ne Jatau ɗan Nomau, maƙeri jikan maƙeri, mutumin Tudun Kirya. Na zauna a birnin da aka gina da gishiri, na sha ruwan kogin da yake komawa da baya, na yi aiki da dawakan da ba a hawansu. Ga labarina yadda ya auku, ban ƙara masa ba, ban rage ba, sai abin da tsufa ya sace mini.

Shekarar da mahaifina ya rasu ina ɗan ashirin da shida. Ya bar mini maƙera, da zugazugi, da masabar da tafin hannunsa ya sa ƙotarta ta yi santsi. Ya bar mini Inna, da ƙanwata Ladiyo. Aikinmu bai wuce fartanya da lauje da wuƙar yankan kuɓewa ba, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Fatake kan sauka a zaurenmu su ce can yamma akwai maƙeran da suka san sirrin ƙarfe irin wanda babu a ƙasarmu. Na ji sau ɗaya na share, na ji sau biyu na fara tambayar hanya.

Ranar da na faɗa wa Inna, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba.

"Damina nawa?"

"Biyu, Inna. In ta yi yawa uku."

"To," in ji ta, ta ci gaba da buga rariya. Da safe na tarar ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da daddawa a tsumma. Ba ta raka ni ba. Sai da na kai bakin rafi na waiga, na hango ta tsaye a ƙofar zaure, hannu ɗaya a kan goshi.

Shekara guda ina yawo daga maƙera zuwa maƙera, ina zuga wa mutane wuta don su bar ni in kalli hannunsu. Daga nan ƙafa ta kai ni Birnin Manda. Ganuwarsa gishiri, ɗakunansa gishiri, har dakalin da sarki yake zama gishiri ne. In rana ta take sai ka runtse ido don ƙyalli. Amma gishiri ba ya shiri da ƙarfe. Ƙusa ba ta shekara a garin, kwaɗon ƙofa ba ya wata shida, sai tsatsa ta cinye. Saboda haka duk maƙerin da ya shiga, ba ya fita. Dogarai suka dubi tabon ƙuna a bayan hannuna, suka dubi juna, shi ke nan.

Suka sa na ƙera marin ƙafata da kaina, tunda babu wanda ya fi ni iyawa. Kowace shekara tsatsa ta ci marin, su tsaya a kaina in yi sabo. Na farko na yi shi da gaskiya, don tsoro. Na biyu ma haka. A na uku sai na yi ƙusar da ke riƙe shi da dalma, na shafe ta da baƙin tukunya har ta yi kama da ƙarfe. Shugaban dogarai ya ja sarƙar da hannu biyu, ya ce ta yi. Ran kasuwa da tsakar rana aka buga gangar kokawa a ƙofar fada, masu gadina suka ce bari su leƙa su dawo. Na sa awartaki na murɗe ƙusar kamar alewa. Na ɗaura masabata a ƙugu, na bi bayan rumfuna har bakin kogi, na kwance wani kwalekwale na kwanta ciki, na rufa da buhu.

Ni ban san halin kogin ba. Yamma ya nufa da ni, gida kuwa yana gabas. Kwana tara yana gudu da ni, gefe da gefe duwatsu ne a miƙe, babu wurin tsayawa. Ran na goma ruwa ya shiga wani matsatsi wanda daga baya na ji ana ce masa Maƙoshi, nan kwalekwalen ya tarwatse kamar tsohuwar ƙwarya.

Da na farfaɗo, wani abu mai ɗumi yana hura mini iska a fuska. Na buɗe ido na ga hancin doki, amma dokin da ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa ya kusa na raƙumi, ƙirjinsa faɗin ƙofar zaure, kofatonsa kamar faifai, gashi ya rufe shi har ƙasa. Wata dattijuwa busasshiya tana riƙe da ragamarsa.

"Da sauran numfashi," ta ce wa wani da ke bayanta. "Anaruwa, ɗauko shi."

Sunanta Marka, ni Gwaggo nake ce mata. Anaruwa ɗanta ne, sa'ana, mutum mai yawan dariya. Garinsu Kandarga yana gindin wani tsauni da girgije yake yanke wa kai, sana'arsu kuwa itace. Suna saran itatuwa a bisa, dawakai su jawo gumaguman zuwa ƙasa. Ba su san sirdi ba, ba su san sukuwa ba. Dokinsu ja kawai ya sani.

Da na iya tsayawa da ƙafata, abin da na fara tambaya shi ne hanyar gabas.

Gwaggo ta ce, "Ta ƙasa babu, Maƙeri. Akuya ma ba ta haye duwatsun nan. Kogin da ya kawo ka shi ne hanya. Maijuyi muke ce masa. Wata goma sha ɗaya yana gangarawa yamma, in tekun can ya cika ya tunkuɗo shi, sai ya juya gabas kwana talatin. Kakanninmu sun bi shi har ƙasashenku."

"To jirgi fa?"

"Jirgin da zai ratsa Maƙoshi sai na gungume guda, kamu arba'in, babu haɗi babu ɗinki. Itacen da ya kai haka sai madacin da ke saman girgije. Tsakaninmu da shi kuwa akwai wancan." Ta nuna da haɓa.

Na duba na ga wata doguwar tsaga ja a jikin tsaunin, kamar an zuba masa bulala. Shi ne Gangaren Zawarawa. A nan gungume yakan fi doki sauri. Da igiyar fata suke ɗaure itace a majayin da ke ƙirjin doki, mai kora yana biye da wuƙa a hannu. In gungumen ya taso, sai ya yanke igiyar, ya ja dawakai gefe, in Allah ya sa da rabo. Shi ya sa suke daddatsa itace gajeru kafin su sauko da shi. Mijin Gwaggo shi ne na ƙarshe da ya gwada saukowa da dogo, shekara ashirin da suka wuce. An binne shi tare da dawakansa biyu, don an kasa raba su.

Na zauna a Kandarga. Sun yi mini alheri, ba zan ɓoye ba. Amma ƙasar sanyi ce, babu dawa, babu gero, wata saiwa suke niƙawa a dutse su yi fate da ita. Babu turmi ko ɗaya a garin. Ban san ana kewar ƙarar turmi ba sai da na rasa ta. Na samu baƙin dutse na yi uwar maƙera da shi, na ɗinka zugazugi da fatar akuya, na tono tama, dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe, a wani rafi mai jan ruwa. Wani lokaci in ina bugun ƙarfe sai in ji hannuna ya koma luguden da Inna da Ladiyo suke yi da hantsi, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta sauke. Sai in tsaya, ƙarfen ya huce a banza.

Na ce wa Anaruwa, "Igiya ce matsalarku. Tana zamewa, tana tsinkewa. Bari in yi muku na ƙarfe."

Ya yi dariya ya ce, "Yi mana, Maƙeri. Ni dai a bar mini ƙafafuna."

Na fara ƙera wani ƙaton awartaki mai haƙora biyu, wanda in an ja shi sai ya daɗa cizon gungume. Iya jan doki, iya cizonsa. Na yi sarƙa. Na sassaƙa sandar kirya na ɗaure ta da ƙarfe, a gicciya ta bayan dawakai biyu, kowanne ya ja gefe guda, sarƙar ta kama tsakiya da ƙusa. Muka gwada a fili da dawakan Gwaggo: Duna, baƙin ingarman da ya shinshina ni a bakin ruwa, da Tauraruwa, goɗiya mai farin goshi wadda ta fara manyanta. Gungumen da da sai an yi masa ɗauri uku, suka ja shi kamar kara. Mutane suka taru suna tafi.

Kwana huɗu sai Gwaggo ta kira ni, ta ɗora tafina a kafaɗar Tauraruwa. Wurin ya yi zafi, gashi ya fara zubewa.

"Duna yana fizgarta baya," in ji ta. "Sandarka ta ɗauka ƙarfinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne."

Na kwana biyu ina wasa da tsinke a kan yatsa, ina rataya masa tsakuwa babba da ƙarama, har na gane. Na huda wa sandar ƙofofi uku maimakon ɗaya. In aka matsar da ƙusar wajen Duna, sai nauyi ya fi komawa kansa, goɗiyar ta samu sauƙi. Kafaɗarta ta warke. Bayan nan wani gungume ya mirgina a hanya, ya nannaɗe sarƙar har ta tsinke, na ƙera zobe mai juyawa a kan kansa, gungume ya yi ta mirginawa sarƙa tana nan sambal. Shekara biyu na yi a kan waɗannan, kaina kuwa ya fara girma. Na ce lokaci ya yi da za a gwada gangare.

Muka zaɓi gungume matsakaici, muka fara daga rabin gangaren. Anaruwa ne mai kora. Taku hamsin lafiya. Sai ƙasa ta yi santsi, na ji gungumen ya canza murya, daga gurnani ya koma shuu. Sarƙa ta yi sako-sako. Na ga Anaruwa ya zaro wuƙarsa yadda ya saba tun yana saurayi, ya kai sara, wuƙar ta yi tsalle a kan ƙarfe. Babu abin yankawa. Ya jefar da ita, ya rungumi wuyan Duna yana tura shi gefe. Gungumen ya tsaga cinyar dokin, ya bi ta kan ƙafar Anaruwa ta dama, ya ja su duka har sai da wani kututture ya tare shi.

Duna ya rayu. Anaruwa ma ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba.

Gwaggo ba ta ɗaga mini murya ba. Da yamma ta kawo awartakin da sarƙar ta zube a ƙofar maƙerata.

"Da igiya ce da ya yanke," in ji ta. "Ka yi abin da ya iya kamawa, ba ka koya masa saki ba. Kada in ƙara ganin ƙarfenka a jikin dokina."

Wata uku ban hura wuta ba. Nakan je in zauna a gefen shimfiɗar Anaruwa, shi ne ma yake ƙoƙarin ba ni dariya, abin da ya fi zagi ciwo. In na fito sai in tafi bakin Maijuyi in zauna ina kallon ruwa yana tafiya inda ba na so.

A nan bakin ruwan, wata rana da azahar, tunanin ɗakin Inna ya zo mini, kamar ina ciki. Tana da ragaya da take rataye ƙwaryar zuma a jikin wani lanƙwasasshen ƙarfe da mahaifina ya kafa a bango. Ina yaro na sha hawa turmi in ja ragayar nan da dukan ƙarfina, ba ta fita, sai dai in ji ta daɗa zama. Inna kuwa in ta zo, ba ta ja. Gefe take karkata ta kaɗan, sai ga ta a hannunta. Na ga hannun nata sarai, da zoben azurfa da ya shige cikin yatsa. Na yi kuka a wurin, na daɗe ina yi. Da na share ido na tashi na nufi maƙera.

Ƙugiya na ƙera, mai zurfin ciki, bakinta a buɗe ta hagu. Ita za a kafa a kan awartakin, zoben sarƙar dawakai ya zauna a cikinta. Muddin ja ya miƙe, zoben ba shi da hanyar fita. In dawakai suka karkata hagu, sai ya sulluɓe ta bakin, gungume ya wuce shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne a haƙa lunguna a jikin gangaren ta hagu, inda doki zai shiga ya fake.

Ba ni da doki, kuma ko da an ba ni ba zan karɓa ba. Na ɗinka majayi daidai ƙirjina, na samu ɗan tudu a bayan gari, na ɗaura wa kaina gungume ƙarami. Ƙugiyar farko bakinta ya yi faɗi, ko tuntuɓe na yi sai ta saki. Ta biyu ta ƙi saki sam, gungumen ya share mini ƙafafu na faɗi a kan ƙaya. Yara da manya suna tsayawa daga nesa suna cewa baƙo ya taɓu. Na rage baki, na ƙara, na karkata leɓen, na goge ciki da dutse har ya yi santsi. Ta biyar ta tsage don na ba ta ruwa da yawa.

Ina kan ta shida sai ga mata uku sun hau tudun, duka waɗanda gangaren ya ci mazansu. Babbarsu ta ce, "Gungumen naka ya yi ƙanƙanta, Maƙeri, ba zai gaya maka gaskiya ba. Ɗinka mana majayi mu ma."

Mu huɗu muka riƙa ja. In na ji muryar gungume ta canza sai in ce, "Kauce!" mu yi hagu gaba ɗaya, zobe ya yi ƙaras ya fita, itace ya wuce mu da gudu. Muka yi haka sau ba adadi, da rani da farkon damina. Wata rana mun kauce ke nan muna haki, na ɗaga kai na ga Gwaggo a tsaye da sanda. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Sake," in ji ta.

Muka sake. Ta ce a sake, har sau tara. Sannan ta sauko ta karɓi ƙugiyar, ta juya ta a hannu, ta sa yatsa a bakinta.

"Tauraruwa za ta fi saurin gane kalmar," ta ce. "Da ita za a fara. Duna zai bi ta."

Shekara guda muka yi muna koya wa dawakai kalma ɗaya, mutanen gari suna haƙa lunguna goma sha biyu a jikin gangaren. Sannan muka hau saman girgije. Can rana take fitowa a ƙarƙashin ƙafarka, itatuwa kuwa in ka ɗaga kai don ganin ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Masu gatari goma suka kwana takwas a gindin madaci guda. Da ya faɗi, an ce har a Kandarga ruwa ya girgiza a cikin randuna.

Dawakai huɗu muka ɗaura, Duna da Tauraruwa a gaba. Gwaggo ta ce ita za ta kora, babu wanda ya iya musa mata. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi taɓo. Ni ina tafe a gefen kan gungumen, masaba a hannu, ban san ma dalilin da ya sa na riƙo ta ba. Lungu na farko muka wuce, na biyu, na uku, gungumen yana gurnani yana tura taɓo a gabansa. Dab da na biyar ya yi shiru.

"Kauce!" Muryar Gwaggo ta tsaga tsaunin.

Tauraruwa ta yi hagu, sauran suka bi ta. Zoben ya karkata, ya zo bakin ƙugiya, ya tsaya. Laka ta cika cikin ta daskare. Na ga sarƙa ta fara jan dawakan baya, na ga Gwaggo a tsakaninsu da itacen. Na daka tsalle na sauke masabar a ƙeyar zoben da duk abin da Allah ya ba ni. Ya fita. Gungumen ya wuce kamar hadari, ya kwashe mini fatar kafaɗa, ya gangara shi kaɗai har filin da ke ƙasa, ya kwanta lafiya bai tsage ba.

Garin ya yi kwana uku yana biki. Masassaƙa suka shiga aiki da gizago, wata biyar suka fafe jirgi kamu arba'in, samari goma sha biyu suka ce za su tuƙa ni su ga ƙasashen gabas. Ni kuwa tun ranar ban samu sukuni ba. Kowa yana yabon ƙugiya, ni kaɗai da Gwaggo muka san masaba ce ta cece mu. Ga shi mutane sun riga sun fara zancen itatuwan da za su sauko da su baɗi.

Ranar da Maijuyi ya juya, da hantsi ne. Ruwan ya tsaya cik kamar an kira sunansa, ganyayen da ke kai suka yi ta zagaye wuri ɗaya, sannan a hankali suka nufi gabas. Shekara biyar ina ganin wannan ba ni da jirgi. Yau ga jirgi a ɗaure, an zuba guzuri. Na tsaya a gaɓa, ƙafata ta ƙi shiga.

Gwaggo ta zo ta tsaya kusa da ni.

"Shiga, Jatau," in ji ta. Ranar ta fara kiran sunana. "Kana da uwa."

"In na tafi, Gwaggo, wa zai riƙa bin gungume da masaba?"

"Za mu yi hankali. Ba za mu sauko da itace in an yi ruwa ba."

"Shekara ɗaya za ku yi hankali. Ta biyu wani zai ce ai yayyafi ne kawai."

Ita ma ta san mutanenta. Na ce a sauke guzurin.

Kwana talatin ɗin nan ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Kullum da safe sai na je gaɓa. Nakan jefa ɗan itace a ruwa in bi shi da ido, in ce wannan jibi zai ratsa Maƙoshi, zai wuce ganuwar gishiri, zai kai mashigin da na sani. Ran ashirin da tara na kwance igiyar jirgin da hannuna, na riƙe ta har tafina ya yi ja, sannan na mayar na ɗaure. Kashegari ruwan ya tsaya, ya koma yamma.

Na koma wuta. Na tsaga ƙofa a ƙasan cikin ƙugiyar, yadda in zobe ya danna, laka za ta fita ta nan maimakon ta daskare, na kuma kwantar da leɓen kaɗan. Da damina ta kankama na riƙa cusa mata taɓo da gangan, da tsakuwa, da ɓawon itace, mu gwada da mutane, sannan da dawakai. Sau biyu na sake ta. Anaruwa, da ba shi da sauran kora, ya fara zuwa yana zuga mini, daga nan ya karɓi masaba. Hannunsa ya fi nawa sanyi a kan ƙarfe, ban ji kunyar faɗa masa ba. Kafin shekara ta zagayo an sauko da dogayen itatuwa sittin ta Gangaren Zawarawa, cikin ruwa da rana, babu wanda ya bi su da komai a hannu. Goma na ƙarshe da ƙugiyar da Anaruwa ya ƙera ne. Na bar masa masabar mahaifina.

Da ruwa ya sake juyawa na shiga jirgi. Gwaggo ta kama kunnena ta ja, yadda take yi wa Duna in ya yi abin kirki. Muka ratsa Maƙoshi, duwatsu suna dukan jirgin yana ƙara kamar ganga, bai tsage ba. Muka wuce Birnin Manda ta tsakiyar ruwa, na kwanta a cikin jirgin har ƙyallinsa ya ɓace. Daga mashigi na yi kwana ashirin a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da fitata.

Na shiga Tudun Kirya da la'asar. Wata mace mai goyo tana shara a ƙofar gidanmu, ta ɗago ta dube ni, tsintsiya ta faɗi.

"Yaya?"

Ladiyo ce. Da na ce ina Inna, sai ta riƙe hannun rigata.

"Tana nan da rai. Amma Yaya, ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Bara war haka da ka zo, da ta gane ka. Tun bayan girbi abin ya fara. Ni ma wani lokaci sai ta ce wace ce ni."

Tana zaune a zaure a kan tabarma, ta ƙanƙance, tana fuskantar hanya. Ladiyo ta ce nan take wuni, ta hana a mayar da ita ciki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, yadda ake amsa wa baƙo, ta ce a kawo mini ruwa.

"Daga ina, bawan Allah?"

"Daga yamma, Inna."

Ta matso. "Yamma? To ko ka gamu da wani yaro, Jatau, maƙeri? Dogo ne, ba shi da jiki."

Na dubi Ladiyo, ta kawar da kai. Na ce, "Na gamu da shi."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau."

"Me ya riƙe shi?"

Sai na gyara zama na ba ta labarin, tun daga gishiri har dawakai. Ta yi dariya a wurin dalma. Da na zo kan ƙafar Anaruwa ta ce wayyo. Da na faɗi yadda ya sauke guzuri ya bar ruwa ya tafi, ta murza gefen zanenta.

"Haka ubansa yake," in ji ta. "Ba ya barin aiki rabi."

Wata bakwai ta ƙara a duniya. Kullum in na rufe maƙera sai in zo zaure in yi sallama, ta tambaye ni daga ina, in ce daga yamma, in sake ba ta labarin daga farko. Shi ya sa kuka ji bai ɓace mini ba. Ko sau ɗaya ba ta kira ni da sunana ba. Ranar ƙarshe da muka yi hira, na miƙe zan fita sai ta kira ni.

"Bawan Allah, ka ce ƙasar da sanyi?"

"Da sanyi, Inna."

Ta jawo wani tsohon bargo daga bayanta, ta ninke shi a kan cinya, ta miƙo mini.

"In ka koma ka kai masa. Ka ce kada ya damu da ni, ya gama abin da yake yi tukuna."

Na karɓa da hannu biyu, na ce zan kai masa.

Iyakar abin da ya same ni ke nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka jira mu, ya kai kowane matafiyi gida da sauran rana.